Zauren Masaƙan Kanton: Tarihin Siliki a Birnin Guangzhou

A cikin shekarar 2001 mutanen unguwar Xiguan, a yammacin birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, suka ga wani abin da ba su saba gani ba, watau gida sukutum yana tafiya. Hukumar birnin ce ta ƙudura fid da wani babban titi, Titin Kangwang, sai aka tarar hanyar ta bi ta kan wani tsohon gini na tubali da katako. Maimakon a rushe shi, sai injiniyoyi suka ɗaure shi da ƙarafa, suka raba shi da harsashinsa, suka aza shi bisa dogo, suka tura shi kimanin mita 80 wajen arewa, suka ɗaga shi sama da misalin mita guda, sa'an nan suka sake tura shi kimanin mita 22 wajen yamma, inda yake zaune har yanzu.

Ginin da aka yi wa wannan hidima ba fadar sarki ba ne. Sunansa Jinlun Huiguan, watau zauren ƙungiyar masu saƙar siliki, an kuwa gina shi a shekarar 1723. A nan ne masaƙan birnin suke taruwa su yanke shawara a kan farashi da lada da sha'anin almajiran sana'a, a nan ne kuma suke sasanta rigingimun da ke tsakaninsu. Yanzu an mai da shi gidan adana tarihin sana'ar siliki. Baƙon da ya shiga zai ga sassaƙa a jikin katako, da siffofin da aka yi wa kan ginin ado da su, da kuma allunan dutse da aka kafe a bango, waɗanda aka rubuta sunayen masu gudummawa da dokokin ƙungiyar a kansu. Abin da ba zai ji ba shi ne ƙarar ƙoshiya, wadda a dā ta cika lungunan unguwar tun daga asuba har dare.

Asalin abin

Sanin siliki a wannan birni ya girmi zauren da nisa. A shekarar 1983 ma'aikatan gini suka ci karo da kabarin Zhao Mo, sarki na biyu na daular Nanyue, wanda ya rasu a shekara ta 122 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin kabarin an sami ragowar yadudduka na siliki masu yawa, ko da yake sun ruɓe, da wata riga ta ƙananan duwatsu masu daraja da aka harhaɗa da zaren siliki, da kuma wasu hatimai biyu na tagulla waɗanda ake buga zane a kan yadi da su. Ke nan tun fiye da shekara dubu biyu ana sanye da siliki a wurin, ana kuma yi masa ado.

A zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, birnin ya zama babbar tashar jiragen ruwa ta fataken Larabawa da Farisawa. Su suna kiransa Khanfu. Suna da unguwarsu da alƙalinsu, kuma masallacin Huaisheng, wanda ake lissafa shi cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin, yana nan tsaye da doguwar hasumiyarsa. Wani marubuci mai suna Abu Zaid al-Sirafi ya ba da labarin yadda ɗan tawaye Huang Chao ya auka wa birnin wajen shekarar 879, ya karkashe baƙin fatake masu ɗimbin yawa, ya kuma sassare itatuwan da Larabawa ke kira tut, waɗanda tsutsar siliki ba ta da abinci sai ganyensu. Marubucin ya ce saboda haka ne siliki ya yanke wa ƙasashen Larabawa. Wannan labari ya nuna yadda sana'ar take tun asalinta: ganye ne a kudancin Sin, amma in an taɓa shi sai an ji a kasuwar Bagadaza.

Ƙasar da ke kewaye da birnin fadama ce, inda Kogin Lu'ulu'u ya rarrabu kafin ya faɗa teku, ambaliya kuwa ba ta rabuwa da ita. Manoman gundumomin Nanhai da Shunde suka sami dabara. Sai su haƙa tafki a wurin da ya fi kwari, su tara ƙasar a gefe ta zama tudu, su dasa itacen tut a kan tudun, su zuba kifi a tafkin. Ganyen ya ciyar da tsutsa, kashin tsutsa ya ciyar da kifi, taɓon ƙasan tafkin kuma a kwaso shi ya zama taki ga itatuwa. Da yake yankin yana da ɗumi, akan yi kiwon tsutsa sau shida ko bakwai a shekara, alhali a wuraren sanyi na arewa ba a kai ko kusa da haka. Duk da wannan, masaƙan birnin sun san zaren yankin Huzhou, can kusa da Shanghai, ya fi nasu ƙyalli da laushi, don haka shi suke sayowa in za su saƙa yadin da ya fi tsada.

Zamanin ƙofa guda

A shekarar 1757 Sarki Qianlong ya ba da umurni cewa jiragen Turawan yamma ba za su yi ciniki a ko'ina cikin ƙasar Sin ba sai a Guangzhou, wanda Turawa ke kira Kanton. Haka abin ya zauna har shekara 85. Ingilishi da Faransawa da Holandawa da mutanen Suwidin da Danmak, daga baya kuma Amurkawa, waɗanda jirginsu na farko ya iso a 1784, duk aka tsare su a wani ɗan fili a bakin kogi mai gidajen ciniki goma sha uku. Ba su da iznin shiga cikin ganuwa, ba su kuma ciniki sai ta hannun wasu attajirai da gwamnati ta amince da su. Wanda ya san matsayin fatoma a zangon fatake na ƙasar Hausa zai gane tsarin, domin attajirin shi ke saukar da baƙo, shi ke tsaya masa, shi ne kuma hukuma ke kamawa in baƙon ya yi laifi.

Unguwar Xiguan tana bayan waɗannan gidajen ciniki ne, saboda haka gonakin da ke wurin suka riƙa komawa rumfunan saƙa. Bature yakan kawo samfurin launi da zanen da ake so a London ko Amsterdam, ya ba da ajiya, a saƙa masa kafin iskar komawa ta juyo. Manyan yadudduka masu fure mutum biyu ke saƙa su a masaƙa guda: ɗaya a ƙasa yana taka itace yana jefa ƙoshiya, ɗaya kuma a zaune can bisa yana jan igiyoyin da ke ɗaga zaren tsaye bisa ga tsarin zanen. In hankalin ɗaya ya kauce, furen ya ɓaci. Wasu kayan kuma sukan bi ta Manila, su haye tekun Pasifik cikin jiragen Sifaniyawa zuwa Meksiko, su ƙarasa Sifen. Gyalen nan mai surfani da matan Sifen ke yafawa, wanda har yau ake kira gyalen Manila, a Kanton aka riƙa yin yawancinsa, sunan tashar da ya ratsa kawai ya ɗauka.

Masaƙan sun ɗauki wani mutum na tarihi suka mai da shi uban sana'arsu, watau Zhang Qian, manzon da sarkin daular Han ya aika ƙasashen yamma wajen shekara ta 138 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda tafiyarsa ta buɗe hanyar da aka zo ana kira Hanyar Siliki. Almararsu ta ce ya bi kogi har ya kai sama, ya tarar da wata budurwa tana saƙa, ta ba shi dutsen da ta tokare masaƙarta da shi. Don girmama shi aka keɓe wuri a cikin zauren.

Amma fa allunan dutsen nan sun nuna cewa ba kullum ake zaman lafiya ba. Ƙungiyar ta kasu gida biyu: akwai ɓangaren gabas, na masu jari da masaƙa, akwai ɓangaren yamma, na ma'aikatan da ba su da kome sai hannunsu. Kowane ɓangare yana da shugabanninsa, sukan kuwa zauna su daidaita lada. Masana tarihi sun mai da hankali ƙwarai ga wannan rabuwa, domin tana cikin shaidun da ke nuna cewa ma'aikatan ƙasar Sin sun san haɗa kai don kare ladansu tun kafin zuwan injin.

Yaƙi da injin

Ƙarshen wannan zamani ya zo ne ta hanyar banju, watau ofiyom, wanda fataken Ingila ke shigowa da shi daga Indiya don su biya kuɗin shayi da siliki. A 1839 wakilin sarki, Lin Zexu, ya ƙwace shi ya lalata a Humen, yaƙi ya tashi. A ƙarshen watan Mayu na 1841, sa'ad da sojojin Ingila suka yi sansani a arewacin birnin, mutanen ƙauyuka suka taru a Sanyuanli suka yi musu ƙawanya cikin ruwan sama, masaƙan siliki kuwa suna cikin waɗanda suka fito. Amma ƙasar Sin ta sha kashi, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta buɗe tashoshi biyar. Da aka buɗe Shanghai, wadda ke dab da Huzhou, sai cinikin ɗanyen zare mai kyau ya koma can. Gidajen cinikin nan goma sha uku kuma wuta ta cinye su a yaƙin 1856, ba a sake gina su ba.

Bugun da ya fi yi wa masaƙa ciwo daga cikin gida ya fito. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 wata cuta ta halaka tsutsar siliki a Faransa da Italiya, masana'antun birnin Lyon suka shiga neman zare ido rufe, buɗe mashigin Suwez a 1869 kuma ya rage nisan tafiya. Wani mutumin Nanhai mai suna Chen Qiyuan, wanda ya yi shekaru yana fatauci a Biyetnam, ya ga yadda ake warware zare daga gidan tsutsa da tururi bisa tsarin Faransawa. Da ya komo gida sai ya kafa masana'antar Jichanglong a ƙauyensu na Jiancun a 1873, ya ɗauki 'yan mata ɗaruruwa aiki. Zaren da suke fitarwa siriri ne, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, irin wanda injunan Turai ke bukata, ana kuwa sayensa da tsada. Nan da nan wasu attajirai suka kwaikwaye shi.

To, gidajen tsutsar da waɗannan masana'antu ke sayewa su ne dā matan ƙauye ke warwarewa da hannu su sayar wa masaƙa. A 1881 kiwon tsutsa bai yi kyau ba, zare ya yi wuya, masaƙa suka zauna hannu rabbana. Sai fiye da mutum dubu daga cikinsu suka tasam ma wata masana'anta a ƙauyen Xuetang suka farfasa ta, aka yi asarar rayuka. Hakimin gundumar, Xu Gengbi, ya hukunta waɗanda suka ja gaba, amma kuma ya rufe masana'antun, yana ganin ribar mutum kaɗan ba ta kai ta hana dubbai abinci ba. Chen Qiyuan ya kwashe kayansa ya koma Makau, wadda ke hannun Fotugal. Hanin bai daɗe ba. Cikin 'yan shekaru masana'antun suka dawo, kafin shekarun 1920 kuwa a Shunde kaɗai sun haura ɗari.

Wannan canji ya taɓa zaman iyali ma. Da 'yan mata suka sami albashin kansu, sai wata al'ada ta ƙarfafa a Shunde: budurwa ta ɗaure gashinta da kanta irin ɗaurin matan aure, ta yi alkawari a gaban jama'a ba za ta yi aure ba har abada, ta zauna tare da 'yan'uwanta mata, ta riƙa taimakon iyayenta. Sa'ad da kasuwar duniya ta faɗi a 1929, zaren Japan da na roba suka karya farashi, masana'antu suka rurrufe, da yawa daga cikin matan nan suka tafi Hongkong da Singafo aikatau. Sojojin Japan kuma suka kama Guangzhou a watan Oktoba na 1938, manoma suka tumɓuke itatuwan tut suka shuka abinci.

Yadin rana da taɓo

Abin da ya tsira daga tsohuwar sana'ar, wanda baƙo zai iya zuwa ya gani ana yi da hannu, shi ne yadin da ake kira xiangyunsha. An ce da fari sunan yana nufin yadi mai motsi da ƙara, saboda kakkaurar ƙarar da yake yi in mai shi yana tafiya, daga baya aka sauya harafin da wani mai lafazi iri ɗaya, ya koma yadin gajimare mai ƙamshi. A 1915 wani gida na zuriyar Cheng a ƙauyen Minle na Xiqiao ya ƙago hanyar saƙa shi da 'yan ƙananan ƙofofi masu zane, don iska ta riƙa ratsawa. Rininsa kuwa a garin Lunjiao na Shunde ya fi shahara, tafiyar ƙasa da sa'a biyu daga Guangzhou.

Babu karofi a wannan rini, fili ne na ciyawa a bakin kogi. Ana samun wani saiwa dangin doya mai suna shuliang, mai jan ciki, a niƙa shi a tace ruwan. Sai a tsoma yadin, a shimfiɗa shi bisa ciyawa a rana, in ya bushe a yayyafa masa ruwan, a sake shanyawa, a dafa shi, a kuma shanyawa, haka har sau da yawa cikin misalin mako biyu, sai ya zama ja mai duhu. Sa'an nan a zo ga babban aiki. Tun kafin gari ya waye ma'aikata za su kwaso taɓo daga ƙasan kogi, su dama shi, su shafe fuska guda ta yadin da shi, su bar shi kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, su ɗauke shi a miƙe su kai kogi su wanke. Dole a gama kafin rana ta fito. Fuskar da taɓo ya taɓa sai ta koma baƙa wuluk mai sheƙi, ɗayar kuwa ta zauna ja. A ƙarshe a shimfiɗa shi da maraice ya sha laimar ciyawa don ya yi laushi, a ajiye shi watanni kafin a ɗinka.

Sirrin abin ba baƙo ba ne ga mutumin Afirka ta Yamma. Ruwan saiwar yana ɗauke da sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi, taɓon kogin kuma yana da ƙarfe a cikinsa, in kuwa waɗannan biyu suka haɗu baƙi suke bayarwa. Da wannan hikima ce dukawa ke baƙanta jemammiyar fata da ruwan ƙarfe, da ita ce kuma Bambarawan Mali ke yin zanen bogolan da ruwan ganye da taɓo. Yadin ba ya manne wa jiki in an yi gumi, yana saurin bushewa, don haka ya karɓu a ƙasashe masu zafi. A shekarar 2008 gwamnatin Sin ta sa wannan rini cikin jerin al'adun gargajiya na ƙasa da za a kiyaye, masu tsara tufafi kuma suka komo gare shi, ya zama kayan masu hali.

Duk da haka yana cikin hatsari. Aikin ba ya yiwuwa sai daga wajen watan Afrilu zuwa Oktoba, a kuma huta a tsakiya in zafi da guguwa sun yi yawa. Yana bukatar fili mai faɗi a yankin da ƙasa ta yi tsada, da taɓon kogin da dattin masana'antu bai gurɓata ba, da kuma mutanen da za su yarda su yini a sunkuye cikin rana, alhali samari sun fi son aikin inuwa. Ana iya tura gini bisa dogo a kai shi wani wuri, amma kogi da taɓonsa ba su ƙaura.

Kano da Kanton

Mai karatu a ƙasar Hausa zai ga kamar an ba shi labarin gida ne. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da birnin ke fitarwa a shekara ya kai wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Kano ma tana da silikinta, watau tsamiya, wadda ake samu daga tsutsar daji, ga kuma alharini da ayari ke kawowa ta hamada, ga turkuɗin Kura mai sheƙin bugu wanda Buzaye ke naɗawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ɗauke da yadin Manchester. Daga baya aka kafa masaƙun zamani: ta Kaduna Textiles a 1957, da ta United Nigerian Textiles a 1964, wadda wani Basine ɗan kasuwar Hongkong, Cha Chi-ming, ya kafa. Ta farko ta tsaya a 2002, ta biyu ta rufe ƙofa a 2007, saboda rashin wutar lantarki, da tsadar man injin, da kuma yadi mai araha da ke kwararowa daga Asiya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 fataken Afirka, har da na Kantin Kwari da na Maraɗi da Yamai, suka riƙa zuwa Guangzhou sarin kaya. Sukan kai samfurin atamfa ko shadda a buga musu, kamar dai yadda Bature ke kai nasa samfurin Xiguan shekara ɗari biyu da suka wuce. Unguwanni biyu da suka fi sauka su ne Xiaobei da Sanyuanli, watau wurin nan da masaƙa suka fita yaƙi a 1841. Yadin da suke saye na injin ne, auduga da roba, babu hannun jikokin 'yan ƙungiyar Jinlun a cikinsa, domin abin da ya kashe kasuwar masaƙin Kano shi ne ya riga ya kashe ta masaƙin Kanton.

Bambancin da ke tsakani shi ne abin da kowane gari ya yi da ragowar. A Shunde an rubuta matakan rinin ɗaya bayan ɗaya, an ba gwanaye irin su Liang Zhu matsayin magada sana'a a hukumance don su koyar, an kuma nemo wa yadin masu saye da ke biyan kuɗin wahalarsa, tun da ba zai iya gasar araha da injin ba. A Kano, marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, tana nan, amma ramuka da yawa sun bushe, masu aiki a cikinta kuwa yawancinsu sun manyanta. Baba da toka suna nan, mabuga ma suna nan, akwai kuma sauran dattawan da suka san yadda ake haɗa su. Zamani riga ne, in ji Hausawa. Masaƙan Kanton an adana musu zaurensu bayan sun ƙare, marinan Shunde kuwa an tarar da su da sauran numfashi aka tallafe su. Marinan Kano da masaƙan ƙauyukanta har yanzu suna matsayi na biyun ne.